Ɗan Mowa da Ɗan Bora a Finafinan Amurka na Shekarun 1950

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, ma'aikacin gwamnati mazaunin Kudenda, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu.



Kwamitin shirye-shirye ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan tarbiyyar matasa, ni kuwa na roƙi arziki a bar ni in biyo ta hanyar da na fi sani. Waɗanda muka yi ƙungiyar wasan kwaikwayo tare sun san ni da son kallo tun muna aji ɗaya, kuma jami'a da aikin ofis ba su raba ni da wannan hali ba. Saboda haka zan yi magana ne a kan wasu finafinai da aka yi a Amurka tsakanin 1955 da 1961, waɗanda suka shafi samari da 'yan mata, da soyayya, da irin kishin da ke shiga tsakanin wa da ƙane ko ya da ƙanwa. Na hango wasu daga cikin malamanmu suna kallon juna, kamar su ce me ya haɗa kifi da kaska. Ina roƙon a yi mini haƙuri na 'yan mintoci. Abin da nake so in nuna shi ne, gidan da waɗannan finafinai suka kwatanta kimanin shekara 70 da suka wuce, shi ne irin gidan da yawancinmu muke zaune a ciki yau a Kudenda da Nasarawa da Kakuri, muna renon 'ya'yanmu.

Bari in fara da yadda aka yi aka soma irin wannan fim. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, arziki ya bunƙasa a Amurka. Yaron da a da zai bar makaranta ya kama aiki, sai ya zauna ya gama sakandare, ga 'yan kuɗi a aljihu, wani ma har da mota. A daidai lokacin kuma talabijin ya shigo. A 1950 gida ɗaya ne cikin goma yake da akwatin, amma kafin 1960 ta ƙare kusan gida tara cikin goma sun mallake shi. Iyaye suka zauna a falo suna kallo, gidajen sinima suka rasa 'yan kallonsu na da. Wa ya rage yana fita da dare? Matasa. Har aka yi ta buɗe wata irin sinima ta fili inda ake kallo daga cikin mota, waɗanda a 1958 yawansu ya haura 4,000. To, ɗan kasuwa inda ciniki yake nan yake kai hajarsa. Kamfanonin Hollywood suka koma yin finafinai a kan matasa domin matasa. Gaskiya yawancinsu shirme ne na kiɗa da tseren mota, an manta da su. Amma an sami 'yan kaɗan da suka tsaya suka dubi abin da ke damun yaro a cikin gidan ubansa, kuma su ne abin maganarmu.

Wanda zan fi daɗewa a kansa shi ne East of Eden, wato gabashin gonar Adnin, wanda Elia Kazan ya ba da umarni, ya fito a 1955. An ɗauko shi daga kashin ƙarshe na littafin John Steinbeck mai wannan suna, na 1952. Labarin ya faru ne a 1917 a garin Salinas na jihar Kalifoniya. Akwai wani manomi, Adam Trask, mutumin kirki, mai riƙo da addini, wanda duk gari ke ganin girmansa. Yana da 'ya'ya maza biyu, Aron da Cal. Aron shi ne ɗan kirki, mai ladabi, ga budurwarsa Abra wadda kowa ya san ita zai aura. Cal kuwa, wanda James Dean ya fito a matsayinsa, shi ne mai taurin kai, mai yawon dare, wanda ba a rasa shi da laifi. Uban ya gaya musu uwarsu ta rasu tun suna jarirai. Cal ya bi diddigi har ya gano tana raye a garin Monterey, ita ce magajiyar wani gidan karuwai. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci, cewa Aron ya gado uba, shi kuwa ya gado uwa, shi ya sa ba a son sa.

Akwai wani wuri a farkon fim ɗin da nake so malamanmu su lura da shi. Cal ya yi ɓarna, uban bai doke shi ba, bai zage shi ba. Sai ya zaunar da shi a teburi ya miƙa masa Littafi Mai Tsarki ya ce ya karanta wasu ayoyi na tuba. Yaron ya shiga karantawa da gatse, yana faɗin lambar kowace aya da ƙarfi bayan an hana shi. Wanda ya kalla da ido ɗaya zai ce wannan ɗa ba shi da kunya. Wanda ya kalla da kyau zai ga yaro ne da ya rasa hanyar da zai sa ubansa ya dube shi, sai ta hanyar ɓata masa rai.

Sai uban ya zuba dukiyarsa a wata sabuwar dabara, wato ya loda ganyen latas a jirgin ƙasa da ƙanƙara domin a kai shi kasuwannin gabas bai lalace ba. Jirgi ya makale a hanya, ƙanƙara ta narke, latas ya ruɓe, dukiya ta tafi. A nan Cal ya ga dama ta samu. Ya je wurin uwar nan da ake ɓoyewa ya ranci dala 5,000, ya haɗa kai da wani ɗan kasuwa suka sa kuɗin a harkar wake, domin sun hango in Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin abinci zai tashi. Haka kuwa aka yi. Ranar zagayowar haihuwar uban, Cal ya shirya walima, ya naɗe ribar da ya samu a takarda domin ya mayar wa ubansa abin da ya rasa. Kafin ya miƙa, sai Aron ya riga shi da tasa kyautar, wato sanarwar cewa shi da Abra sun tsai da maganar aure. Uba ya yi murna ƙwarai. Da aka buɗe ƙunshin Cal kuwa, sai uban ya ƙi karɓa. Shi ne fa ke cikin kwamitin da ke tura 'ya'yan mutane fagen yaƙi, yaya za a yi ya ci ribar da yaƙin ya kawo? Ya ce a mayar wa manoma kuɗinsu, kuma in Cal yana son ya faranta masa rai, ya yi rayuwa irin ta ɗan'uwansa.

Jama'a, a nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi, domin uban nan ba ƙarya ya yi ba. A ma'aunin gaskiya yana da hujja. Kuɗin yaƙi ne. Amma abin da yaron ya naɗe a takarda ba kuɗi ba ne a wurinsa, roƙo ne, kuma uban bai ji roƙon ba. An ruwaito cewa rungumar da Dean ya kai wa uban yana kuka ba ta cikin abin da aka tsara, shi ya ƙirƙiro ta nan take, kuma firgitar da ake gani a fuskar Raymond Massey, wanda ya fito a uban, ta gaske ce. Daga nan Cal ya huce haushinsa a kan wanda bai yi masa komai ba. Ya ja Aron a daren ya kai shi Monterey ya tura shi gaban uwarsu. Aron, wanda aka rene shi a kan cewa duniya fari ce ko baƙi, bai iya ɗauka ba. Ya sha giya ya bugu, ya faɗa jirgin sojoji, ya fasa gilashin taga da kansa yana dariya a gaban ubansa, jirgi ya tafi da shi. Uban ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Zan dawo kan yadda aka ƙare.

Duk wanda ya je Islamiyya ko makarantar Lahadi ya riga ya gane tushen labarin. Habila da Ƙabila ne, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, ko Kayinu da Habila na sura ta 4 a Littafin Farawa, inda sunan fim ɗin ma ya samo asali. 'Yan'uwa biyu sun miƙa baiko, an karɓi na ɗaya an ƙi na ɗaya. Masu tafsiri sun kawo ruwayar cewa har da maganar aure a cikin rigimar. Sai dai akwai babban bambanci. A can, Mai karɓa da ƙi Shi ne Ubangiji, wanda Ya san abin da ke cikin zukata. A fim kuwa ɗan Adam ne ya hau wannan kujera, alhali bai san abin da ke zuciyar ɗan da ya haifa ba.

To, ina soyayyar? Tana nan. Abra ta fara da tsoron Cal, sannu a hankali ta koma tausayinsa, har wata rana a wurin wasan shekara, suna can sama a kan lilon nan mai juyawa, suka nuna wa juna abin da ke ransu. Mai kallo da gaggawa zai ce mace ce ta raba 'yan'uwa, kamar yadda muka saba ɗora wa mata laifi. Ni ban yarda da wannan ba. Bangon ya riga ya tsage tun kafin ƙadangare ya zo. Abra ta fahimci Cal ne domin ita ma ta ɗanɗana. Ta ba shi labarin yadda, da ubanta ya yi sabon aure, ta ɗauke zoben lu'ulu'u na matar uban ta jefa a kogi, don tana ganin an ƙwace mata uba. Ina jin ba sai na yi wa kowa a wannan zaure fassarar wannan ba.

James Dean bai ga inda sunansa ya kai ba. Ya rasu a hatsarin mota ranar 30 ga Satumba, 1955, yana da shekara 24, kuma abin mamaki a kan hanyarsa ta zuwa tseren mota a garin Salinas ɗin nan. Finafinansa biyu da suka rage, Rebel Without a Cause da Giant, bayan rasuwarsa suka fito.

Kada 'yan'uwana mata su ce an manta da su. A cikin 1955 ɗin aka yi Picnic, daga wasan kwaikwayon William Inge. Wata uwa ce a wani ƙaramin gari na jihar Kansas, miji ya gudu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Madge ita ce kyakkyawa, Millie ita ce mai ƙwaƙwalwa. Haka uwa ta raba su, haka gari ya raba su. Uwar ta ƙwallafa rai sai Madge ta auri ɗan mai kuɗin garin tun kyau bai gushe ba. Sai ga wani baƙo mara ko sisi ya sauka daga jirgin kaya. Millie aka haɗa shi da ita zuwa bikin gari, amma da aka fara rawa sai idonsa ya koma kan yayarta. Abin da ya burge ni shi ne kowace tana kishin 'yar'uwarta. Millie tana so a ce mata kyakkyawa ko sau ɗaya, Madge kuwa ta gaji da a riƙa kallonta kamar kayan ado, tana so a tambaye ta ra'ayinta. An ba kowace suna guda an kulle ta a ciki. Haka nan a Splendor in the Grass na 1961, wanda Kazan ya yi tare da Inge, wani attajirin mai ya ɗora duk burinsa a kan ɗansa namiji, sai ya je jami'ar Yale ko ta halin ƙaƙa, ya raba shi da yarinyar da yake so, 'yarsa mace kuwa ya ɗauke ta abin kunya. Ita ta lalace don an yi watsi da ita, shi ya sha wuya don an matsa masa.

Yanzu mu dawo gida. Sinima ba baƙuwa ba ce a Arewa. An buɗe Rex a Kano a 1937, kuma dattawa ba su manta gobarar sinimar El-Duniya ta 1951 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 300. Amma in ka tambayi iyayenmu abin da suke tunawa na Amurka, kaboyi za su ce maka, doki da bindiga. Labarin iyali kuwa Indiya ce ta kama kasuwarsa, tun da 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinanta a shekarun 1950. Wani Bature mai bincike, Brian Larkin, ya tarar a shekarun 1990 gidajen sinimar Kano suna nuna fim ɗin Indiya dare biyar a mako, na Amurka dare ɗaya tak. Kuma Indiyawa ma gwanaye ne a labarin 'yan'uwa biyu. Mother India na 1957 yana da ɗa mai biyayya da ɗa ɗan tawaye, har uwar ta harbe na biyun da hannunta. A Ganga Jamuna na 1961, wa ya yi wahala ya sa ƙane a makaranta, ƙanen ya zama ɗan sanda, wan ya zama ɗan fashi. Deewaar na 1975, na Amitabh Bachchan da Shashi Kapoor, kusan haka yake: babba ya yi gyaran takalmi da dako domin ƙarami ya yi karatu, daga baya ƙaramin ne ya ɗauki bindigar hukuma a kansa, uwa kuma ta bi bayan ɗan sanda.

Ku lura da bambancin. A wurin Indiyawa uwa ce alƙali, kuma hukuncinta daidai ne ko da ya yi ɗaci, mai kallo ya yi kuka ya tafi gida bai zargi iyaye ba. Wannan ya dace da tarbiyyarmu, shi ya sa muka rungume shi. Da namu suka fara, daga littattafan soyayya irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino zuwa finafinan bidiyo da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990, sai suka fi karkata ga auren dole da kishiya da saurayi tsakanin 'yan mata biyu. Fim ɗin da zai tsaya ya ce ga uba nagari, mai salla ko mai zuwa coci, wanda bai taɓa cin haram ba, amma ya karya ɗansa da bambanci, wannan ya yi wa bakinmu nauyi.

Ba don ba mu san abin ba ne. Harshenmu ma ya tona mana asiri. Wanda kuke uwa ɗaya shi ne ɗan'uwa, har kalmar ta zama sunan duk wani makusanci. Wanda kuke uba ɗaya kuwa ɗan uba ne, daga nan muka sami 'yan ubanci, wato gaba da hassada. Muna da mowa da bora, muna da ɗan lele da shalele. Tatsuniyar Ruwan Bagaja da kakanninmu suka yi mana, ai labarin 'yar bora ce da 'yar mowa. Ko labarin kafuwar ƙasar Hausa bai tsira ba, ga Bawo ɗan Daurama ga Karɓagari ɗan kuyanga, sunayensu kaɗai sun isa shaida. Amma ku duba, a duk waɗannan mun jingina laifin ga kishin mata. Fim ɗin Kazan ya cire kishiya daga cikin lissafi. Uwa ɗaya, uba ɗaya, a littafin ma tagwaye ne, amma duk da haka aka sami ɗan mowa da ɗan bora, kuma uba ne ya yi rabon.

A gidan gargajiya akwai maganin wannan ciwo, ko da ba a kira shi magani ba. Uba yana kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, auta kuma a shagwaɓa shi. Bambanci ne a fili. Amma gidan babba ne. Yaron da bai sami fuska wurin uba ba yana da kaka mai tsokanarsa tana ɓoye masa ƙanzo, yana da gwaggo, yana da kawu, wani ma a ba da shi riƙo inda zai zama ɗan gata. Ƙauna tana da ƙofofi da yawa. To, mu fa? Mu da iyayenmu suka baro garuruwansu suka zo aikin masaƙa, muka tashi a ciki da falo na gidan haya, yanzu kuma muka yi 'yan gine-ginenmu muka ja katanga muka sa ƙyauren ƙarfe? Kaka tana ƙauye, sai a waya. Daga kai sai matarka sai yara uku ko huɗu. Mun riƙe kunyar nan ta iyaye, ba ma iya ce wa yaro ya kyauta, amma mun rabu da mutanen da suke cike giɓin. Wannan shi ne gidan Adam Trask, inda ƙofa ɗaya ce, in ta rufe yaro ba shi da wata.

Kuma mu 'yan kudancin kogin Kaduna mun ga namu latas ɗin da ya ruɓe. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu manyan masaƙu suka biyo baya a shekarun 1960, unguwannin nan duka da jiniyar canjin aiki suke tashi suke kwanciya. A 2002 KTL ta rufe, lokacin yawancin 'yan ajinmu muna ƙananan azuzuwa, cikin 'yan shekaru wasu suka bi sahu. Kowa a nan ya san abin da ya faru a gidaje da yawa. Kuɗin makaranta ba zai ishi kowa ba, sai a zaɓa. Mai ƙoƙari ya ci gaba, ɗayan a kai shi gareji, ko Panteka, ko ya hau acaɓa. Da yamma mai acaɓa ya kawo cefane, a tambaye shi da wa yake yawo. Ɗan makaranta ya kawo takardar sakamako, a sa masa albarka a gaban baƙi. Ina faɗin wannan da nauyin baki, amma mu da muke zaune a nan da manyan riguna da takardun digiri, da yawanmu Aron ne. Akwai Cal a gida wanda guminsa ya biya mana kuɗin WAEC, kuma ba shi da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da za ta gayyace shi cin shinkafa.

A wurin aiki nakan ga ƙarshen irin wannan labari. Fayil ɗin ma'aikacin da ya rasu yakan biyo ta teburina, a ciki akwai takardar da ya rubuta sunan magajinsa tun yana raye. Wata rana wasu 'yan'uwa biyu suka zo, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙaramin ya yi jami'a, shi ke riƙe da takardu yana magana. Babban bakanike ne, hannunsa duk baƙin mai, yana tsaye daga baya. Ba su yi musu a kan garatuti ba ko kaɗan, sun riga sun shirya yadda za a raba bisa ƙa'ida. Da aka gama, sai babban ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah a nuna mini takardar in gani da idona." Aka nuna masa. Ya daɗe yana kallon sunan ƙanensa da rubutun hannun mahaifinsu, sa'an nan ya ce, "To, madalla," ya sa hularsa ya fita. Mutum ne mai kusan shekara 50, da 'ya'yansa.

Iyayenmu malamai, ku gafarce ni in taɓo ku kaɗan, da ladabi. Babu wanda ya kai ku sanin wa da ƙane, domin gida ɗaya yakan turo muku yara huɗu ko biyar bi da bi. Duk wanda ya biyo bayan yayansa a makaranta ya san tambayar ranar farko: "Kai ne ƙanen wane?" In wan gwani ne, an ɗora maka kayan da ba kai ka ɗaure ba. In kuwa fitinanne ne, ka gaji bulalarsa tun ba ka yi laifi ba. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, don a zaburar da yaro. Adam Trask ma da kyakkyawar niyya ya yi. Mu kuma da muka zama iyaye mun ɗauko salon mun kai gida. Ranar da aka ba da hutu sai a jera takardun sakamako a kan tabarma, wannan ya zo na 2, wannan ya zo na 27, a yi ta misali da ɗaya a kan ɗaya har a gama tuwon dare. Na 27 ɗin nan wataƙila shi ne ya gyara fankar da ke juyawa a kanmu, amma wannan ba ya cikin takarda.

Na yi alkawarin zan dawo kan ƙarshen fim. Uban yana kwance, ba ya iya motsi sosai, magana da ƙyar. Cal ya nemi gafara bai sami amsa ba, ya yi shirin barin gari. Abra ce ta shiga ta tsaya a bakin gado ta yi wa dattijon magana. Ba ta ce ya yafe wa yaron ba, ba ta ce ya yabe shi ba. Ta roƙe shi ne ya nemi wani abu a wurin ɗansa, kome ƙanƙantarsa, domin yaron ya san ana bukatarsa. Akwai wata nas mai surutu da aka ɗauko, wadda ta ishi kowa. Da Cal ya dawo ɗakin, sai uban ya yi ƙoƙari ya motsa baki ya ce a sallami matar nan, kada kuma a nemo wata, shi Cal ɗin ya zauna ya yi jinyarsa. Yaron ya jawo kujera ya zauna kusa da gado. A nan fim ya tsaya.

Aron kuwa ba a sake nuna shi ba tun da jirgi ya tashi. A littafin Steinbeck, saƙo ne ya iso gida cewa an kashe shi a fagen yaƙi.

Shugaban taro, na ga an ɗaga mini takarda cewa lokacina ya cika. Ina da faifan East of Eden da na Picnic, kuma na yi magana da malamin da ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo, in hukumar makaranta ta amince zan kawo su a nuna wa 'yan aji biyar da shida a zangon karatu mai zuwa, tare da duk iyayen da suke da sukunin zuwa.